Garar da Ta Riga Ango

Ku gyara zama, ku kife wayoyinku a kan tabarma, ga wata nan ta iso gare ku. Ba ta namun dawa ba ce, ba ta aljanu ba ce, ta mutane ce irinku masu dangwala ƙuri'a. Ku saurara da kyau, don in na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku za ku yi magana.

A wata jiha an yi wata 'yar majalisa mai suna Tasalla. Mazaɓarta garuruwa biyu ne da ƙauyukansu, duk a jere a bakin hanyar ruwa guda ta siminti wadda manoma ke kira kanal. Kanal ɗin daga dam ya taso, ya fara ratsa Tudun Gawo, ya yi ta tafiya har ya ƙare a Gangara, garin su Tasalla. Da ruwansa ake noman rani, alkama da tumatir da tattasai da albasa. Mijin Tasalla ya rasu tun kafin ta shiga siyasa. Ta yi takaba ta fita, ta ce ita yanzu aikin jama'a ta aura. Wannan bai hana zawarawa yin sallama a ƙofar Gwaggo Kande ba, ƙanwar mahaifinta da ta riƙe ta tun tana ƙarama. Uku ne suka fi naci, kuma za ku ji su ɗaya bayan ɗaya.

A shekarar da nake ba ku labari, gwamnati ta kawo kasafin kuɗi gaban majalisa, aka duba aka ga an cire gyaran kanal gaba ɗaya. Tasalla ta miƙe ta ce hannunta ba zai ɗagu ba sai an mayar. Wasu suka bi bayanta, kowa da abin da aka cire wa mutanensa. Majalisa ta kafe, gwamnati ta kafe, daga ƙarshe gwamnati ta ce tunda ba kasafi, ba aiki. Aka sallami ma'aikata gida, aka garƙame ma'aikatu da kwaɗo. Ma'aikatan dam ma aka ce su rufe ƙofar ruwa su tafi. Lokacin kuwa alkama ta ɗauki ciki, lokacin da ba ta yafe ƙishirwa.

Tasalla ta tattaro ta dawo gida. Ofishinta na mazaɓa yana cikin sakatariya, ita ma a kulle, sai ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar bakin get, ta ce nan ne ofis. Motarta ta zama ta gari: ita ke kai mai naƙuda asibitin kuɗi, ita ke ɗauko likitan dabbobi daga gidansa in annoba ta shiga garke. Wayarta ba ta hutawa, muryarta har ta dushe. Ana cikin haka wata safiya wani tsohon manomi ya zo, bai zauna ba, ya ajiye mata kan alkama a kan cinya. Ganyen ya naɗe, ya fara fari.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, an ce saboda kanal kika rufe gwamnati. To, ga kanal can, mata na shanya a cikinsa."

Gaskiya ya faɗa. Simintin ya bushe ƙayau, ya yi sumul, matan gari suka ga wurin shanya da ba su taɓa samun irinsa ba. Tun daga Tudun Gawo har Gangara, cikin kanal ya yi ja wur da tattasai da yankakken tumatir. Tasalla ta dubi kan alkamar nan. Ita ta tashi kare ruwan mutanenta, ga shi tsayuwarta ce za ta kashe musu abincin shekara. Ta shiga mota ta tafi babban birni. Ta buga ƙofofi, ta kira wayoyi, wanda ya ɗauka ya ce a ƙara haƙuri, sauran ko ɗauka ba su yi ba. Ta dawo ta san cewa in ta jira izini, izinin zai zo ya tarar da kara.

Na farko da ta nufa shi ne Gwadabe, injiniyan dam, wanda mabuɗin ƙofar ruwa ke hannunsa. Mutum ne mai tabarau, mai ƙarancin magana. In ya zo zance ba ya iya faɗin abin da ya kawo shi, sai dai ya lura famfon Gwaggo na ɗiga ya gyara, ko ya ga ƙyauren zaure ya karkace ya daidaita, ya yi sallama ya tafi. Gwaggo Kande kan ce in aka bar shi zai sake gina gidan bai ce yana so ba. An riga an gargaɗi ma'aikata cewa duk wanda ya taɓa kwaɗon gwamnati ya taɓa aikinsa. Samarin Gangara kuwa sun fara wasa guduma, suna cewa za su fasa kwaɗon dam su buɗe ƙofar duka, ba su san kanal ɗin da ya bushe ya tsattsage zai fashe ya kwashe rabin Tudun Gawo ba in aka sake masa ruwa gaba ɗaya. Gwadabe kaɗai ya san yadda ake ba shi kaɗan kaɗan har ya jiƙu. Tasalla ta same shi a gida ta ce masa ya buɗe, ita za ta tsaya gaban duniya ta ce ita ta ba da umarni.

Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Honarabul, ke 'yar majalisa ce, ba ki da ikon ba ni umarni. In na buɗe, ni na buɗe." Ya miƙa hannu ya zaro mabuɗin daga ƙusar da yake rataye.

Kafin hantsi labari ya game gari. Tasalla ta sa mai shela ya bi bakin kanal yana cewa kowa ta kwashe shanyarta, ruwa na zuwa. Jama'a suka ɗunguma zuwa dam, a babur, a keke, a ƙafa, har da masu kalangu da ba wanda ya gayyace su. Gwadabe ya buɗe kwaɗon, ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya miƙa wa Tasalla. Injin ɗaga ƙofar ba wuta ba mai, dole sai da hannu. Ya kama ƙarfen murɗawa, mai kama da sitiyarin babbar mota, ƙarti suka kama masa. Ƙarfen ya yi ƙara, ya juya, ƙofar ta ɗaga kamar faɗin tafin hannu, ruwa ya fara tsartuwa, mata suka ɗauki guɗa. Sai ƙarfen ya tsaya cak. Aka murɗa gaba ya ƙi, aka murɗa baya ya ƙi. Gwadabe ya kwanta rub da ciki ya leƙa, ya tashi ya ce wani kututture ne ruwa ya kawo ya cusa a hanyar ƙofar, can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Sai an shiga an cire shi. Kuma wanda ya cire shi, ruwan da zai ɓarke zai zuƙe shi zuwa bakin ƙofar.

Kalangu ya yi shiru. Nan na biyu ya fito, Sallau, shugaban masuntan dam. Unguwarsu ɗaya da Tasalla, tare suka tashi, shi ke tsinko mata furen bado tun ba su san komai ba. Da aka zo aurenta na fari nauyin baki ya hana shi magana, ya ɗauki komarsa ya tafi wani tafki mai nisa ya yi shekaru. Da ya dawo ya tarar ta fita takaba, bai ce komai ba nan ma, sai dai duk Juma'a a kawo wa Gwaggo kifi mafi girma da aka kama, ba saƙo ba bayani. Sallau ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba mutanensa bakin igiyar. Sannan ya cire hularsa ya nufo Tasalla. Shi kaɗai ne a duk taron da bai taɓa ce mata Honarabul ba.

Ya ce, "Riƙe mini wannan, Tasalla. In na fito ki ba ni. In ban fito ba, kin huta da ƙarnin kifin Juma'a."

Ta buɗe baki ta hana shi, ya riga ya faɗa. Ya nutse ya fito ya shaƙi iska, ya nutse ya fito ya ce a miƙo masa gatari. Ya sake nutsewa, wannan karon ya daɗe. Tasalla ta matse hular nan har farcenta ya shiga zaren, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Sai aka ji wani gum daga ƙarƙashin ƙasa, dam ɗin ya girgiza a tafin ƙafar kowa, kututturen ya ɓullo ta ɗaya gefen yana juyi, ruwa ya biyo shi da ruri. Igiya ta miƙe kamar za ta tsinke. Masunta suka ja, manoma suka kama, Gwadabe ya saki ƙarfe ya kama, har 'yar majalisa da hula a haƙori ta kama. Aka fito da Sallau jini na zuba daga kunnensa na hagu. Aka danna cikinsa ya amayar da ruwa, ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne ko gatarin mutane ya fito.

Ihun murna bai gama sauka ba Gwadabe ya jawo Tasalla gefe. Ya ce iyakar abin da kanal zai iya ɗauka ke nan a yanzu, in ya ƙara zai fashe. Wannan ruwan kuwa in Tudun Gawo ta buɗe bakunan gonakinta, ko ɗigo ba zai kai Gangara ba. Ƙananan gonakin Tudun Gawo suna kusa da dam, ƙasarsu na da sauran danshi, za su iya jira. Gangara ba za ta iya ba. Amma al'adar kanal tun da aka gina shi, na sama ke fara sha, kuma ba wanda zai toshe bakin gonarsa sai ya ga babbar gonar garin ta toshe nata. Babbar gonar kuwa a kan jigawa take, ta fi kowace jin ƙishirwa, kuma ta Alhaji Nomau ce.

Shi ne na uku. Shi ya tsaya takara da Tasalla ta kayar da shi. Lokacin yaƙin zaɓe mawaƙansa ba irin habaicin da ba su yi mata ba. Bayan zaɓe ya zo taya murna da dariyarsa mai cika zaure, daga nan kuma bai daina zuwa ba. Gwaggo Kande ta ce ya rasa kujera ne ya dawo neman mai kujerar. Kowa ya san yana shirin sake tsayawa, kuma ƙarfinsa duka mutanen Tudun Gawo ne.

Tasalla ta faɗa mota, direba ya taka, suna tsere da ruwa a kan hanyar gefen kanal. Ta tarar da Alhaji Nomau tsaye a bakin gonarsa, ya naɗe ƙafar wando, ma'aikatansa riƙe da fartanya, alkamarsa shimfiɗe a bayansa har inda ido ya tsaya, duk ta sunkuyar da kai. Da ya ga fuskarta ya gane abin da ya kawo ta.

Ya ce, "Hajiya, kin kayar da ni a akwati, yau kuma kin biyo ni gona?"

Ta ce, "Yau ba ni da ƙuri'a ko ɗaya, Alhaji. Roƙo na zo."

Ya juya ya dubi gonarsa. Ya dubi bakin ruwan da ya fara leƙowa daga kwana, yana turo kumfa da ganye. Dariyar nan tasa ba ta zo ba. Ya ce wa ma'aikatansa su toshe, suka tsaya suna kallonsa kamar ba su ji ba. Sai ya tuɓe babbar rigarsa, sabuwar shadda mai aiki har ciki, ya dunƙule ta, ya tsallaka cikin laka ya cusa ta a bakin gonar da hannunsa, ya bi ta da ƙasa yana takawa. Ya ɗago ya faɗa wa mutanen garinsu cewa Gangara za ta fara sha, sannan ƙananan gonakinsu, tasa ce ta ƙarshe. Suka toshe, amma suna toshewa suna gunaguni, wasu suka faɗa masa a fuska cewa za su tuna masa ranar zaɓe. Ruwa ya zo ya wuce ta gaban alkamarsa yana sheƙi, yana tsaye yana kallo da singileti.

Yanzu ku ji abin da ya faru da shanya. Mai shela ya yi shelarsa tun da safe, amma matan bakin kanal suka ce sau nawa aka ce ruwa na zuwa? Maganar 'yan siyasa ce, in an kwashe ma sai an sake shimfiɗawa. Kaɗan ne suka kwashe. Tasalla ta fito da kai ta tagar mota tana kiran su da suna da dusasshiyar muryarta, suna ɗaga mata hannu suna cewa Allah ya ja zamanin Honarabul, ba wadda ta motsa. Sai ga ruwa. Ya ɗauki shanyar farko, ya haɗa da ta biyu, ya tattara ta uku, kafin ya kai Gangara ba a ganin ruwan sam. Mutanen da suka taru a ƙarshen kanal suka hango wani jan abu na tahowa yana tuntsura kamar an shimfiɗa dardumar da ke tafiya da kanta. Wani ya ce jini ne, wani ya ce wuta ce, sai Gwaggo Kande ta dafe ƙirji ta ce wallahi tattasanta ne, ta gane yankansa.

Gari ya kaɗa. Mata suka bi kanal da ƙwarya da rariya suna tsamo abin miya, suna zagi suna guɗa a numfashi ɗaya. Maza suka fasa bakunan gonaki, ruwa ya shiga kunya kunya, ƙasa na shan sa da wata ƙara kamar ana soya abu. Masu kalangu suka iso a guje. Tsohon nan da ya ajiye mata kan alkama ya durƙusa ya ɗebi ruwan ya wanke fuska, yaji ya shiga idonsa, yana hawaye yana dariya. Tasalla ta cire takalmi ta shiga har gwiwa, tumatir na zagaye ta, ba ta san lokacin da ta fara kuka ba.

Alkamar Gangara ta tashi. Ta ƙananan manoman Tudun Gawo ma ta tashi. Daga baya gwamnati da majalisa suka daidaita, aka mayar da gyaran kanal cikin kasafi, aka buɗe ma'aikatu. Amma ranar da aka buɗe, Gwadabe bai koma ba, an sallame shi saboda taɓa kwaɗo. Tasalla ta yi ta faɗa a majalisa a kan maganarsa, har yau ba a mayar da shi ba, yana gyaran injin ban ruwa a wata rumfa a kasuwa, bai taɓa cewa ta ja masa ba. Kunnen Sallau na hagu ya mutu, likita ya ce ya yi sallama da nutso har abada, mutumin da ruwa ne gidansa. In Tasalla na magana sai ya juyo mata da gefen dama yana murmushi. Alkamar Alhaji Nomau kuwa, ruwa ya iso gare ta bayan ta riga ta mutu, shanu aka sakar mata. Mutanen garinsu suka cika alkawarinsu, suka tsayar da wani. Ya ci gaba da zuwa zauren Gwaggo da dariyarsa, sai dai ta ɗan rage ƙarfi.

Da aka yi girbi, matan Gangara suka haɗa alkamar farko, kowace ta kawo daga gonar gidansu. Suka surfa, suka niƙa, suka murza alkaki, suka tsoma shi a zuma, suka cika fanteka fanteka, suka ɗauko a ka da guɗa har tsakar gidan Gwaggo Kande. Suka ce gara ce. Sun ce Tasalla ba ta da uwa ba ta da uba, to gari ne uwarta, kuma gari ya gaji da ganin mutum uku na zarya a zaure ɗaya. Tasalla ta leƙo daga ɗaki ta ce a ina aka taɓa yin gara ba a ɗaura aure ba?

Gwaggo ta ce, "A inda aka taɓa ganin kanal ya yi miya. Ke dai faɗa mana ƙofar da za mu sauke, wuyanmu ya gaji."

Tasalla ta koma ciki ta saki labule. Ta buɗe akwatinta, can ƙasan zannuwa. Kwaɗon Gwadabe na nan, ba wanda ya tambaye ta shi. Hular Sallau na nan da shaidar farcenta, ya fito amma bai ce ta ba shi ba, ita ma ba ta miƙa ba. Rigar Alhaji Nomau na nan, ita ta sa aka tono ta daga laka, ta wanke ta da hannunta, jan ƙasar bai fita duka ba. Ta jera su a kan gado. Biyu za ta mayar wa masu su, ɗaya za ta riƙe.

A tsakar gida kuwa gardama ta kaure. Wata ta ce in ba Gwadabe ba ko ɗigo ba zai fita ba, kuma shi ya ƙi yarda a ɗora mata laifin. Wata ta ce ai dama aikinsa ne, Sallau ne ya sa ransa, kuma shi ya fara son ta tun ba ta da kujera. Wata ta ce nutso sana'ar Sallau ce, kuma wanda ya yi shiru a karo na farko shi ya so, amma Alhaji Nomau abokin hamayya ne, ba abin da ya wajaba a kansa, ya tsaya yana kallon ruwa na wuce abincinsa. Wata ta ce shi mai dukiya ne, baɗi zai sake shukawa, waye zai sake shuka wa Sallau kunne, waye zai mayar wa Gwadabe aikinsa?

Nan na sauke tawa, na bar su da fanteka a ka, zuma na ɗiga, Tasalla na tsaye a kan abubuwa uku. To, ku da kuka ji komai, a ƙofar wa za a sauke garar nan: Gwadabe da ya buɗe, ko Sallau da ya nutsa, ko Alhaji Nomau da ya bar ruwa ya wuce?